Jirgin ruwan Sawakin zuwa Jidda: tikiti da sauƙi, jira da yawa

Tsakanin Sawakin ta ƙasar Sudan da Jidda kusan kilomita 300 ne na Bahar Maliya, kuma jirgin fasinja yakan cinye su cikin awa 10 zuwa 12 idan ruwa ya kwanta. Dare ɗaya ke nan. Amma mai shirin wannan tafiya ya ware mata kwana biyu, domin a tudu lokaci yake salwanta.

Daga tashar Usman Digna ake tashi, kimanin kilomita 60 kudu da Bur Sudan. Ejan zai ce maka jirgi da magariba zai ɗaga. Kada ka riƙe maganarsa da ƙarfi. Awon kaya, duba fasfo da biza da katin rigakafin shawara, da loda motoci a cikin jirgin, duk sai an gama kafin a kwance igiya. Idan iskar arewa ta taso lokacin sanyi, ana iya ɗage tafiyar zuwa gobe. Ka zo tun da hantsi, ka raba kayanka biyu. Manyan jakunkuna a karɓe su, ba za ka sake ganinsu ba sai Jidda, don haka rubuta sunanka da lambar waya a jikinsu da alƙalami mai kauri, ba a takardar da za ta ɓalle ba. Ƙaramar jaka kuma ta zauna a hannunka: magani, caja, takardu, ruwan sha lita biyu, dabino da bargo.

Bargon nan ba wasa ba ne. A waje zafi da gumi, a zauren kujeru kuwa na'urar sanyaya ɗaki tana kaɗawa har asuba, tsofaffi su sauka da mura. Mai iyali ko mai rakiyar dattijo ya ƙara kuɗi ya kama ɗaki mai gado biyu ko huɗu, ya fi masa. Banɗakunan gama-gari da tsabtarsu a farkon dare, zuwa tsakar dare sai a hankali, saboda mutane sun fi ƙarfin masu sharar. A nan kamfanin jirgin ya gaza. Abincin kanti kuma bai kai kuɗinsa ba. Mai saurin jiri ya sha maganinsa awa ɗaya kafin a tashi, ya nemi wuri a tsakiyar jirgi, a hawa na ƙasa, inda tangaɗi ya fi sauƙi. Bayan amai ya fara, maganin ba ya zama a ciki.

Abin da ke rage zafin jiran shi ne mutanen Sawakin. A bakin tasha mata masu shayi sun jera ƙananan kujeru, ga jabana, gahawa irin ta ƙabilar Beja: a soya 'ya'yan gahawa a gabanka, a daka su da citta, a tafasa a ɗan tulun yumɓu mai dogon wuya, a tsiyaya a ƙananan finjali da sukari mai yawa. Ba a sha a tsaye. Sau da yawa ka miƙa kuɗi a ce wani ya riga ya biya, ka waiga ba ka ma san shi ba. Duk ƙungiyar da ta kewaye kwanon ful, wato dafaffen wake, sai ta ce maka "itfaddal", wato bisimilla, kuma da gaske suke. Sa hannu ko loma biyu ne ya fi ƙin amsawa. Idan jirgi ya kwana, akwai lokanda, wato ƙananan masaukai, masu gadon igiya da ake kira angarib a tsakar gida, a kan kuɗi kaɗan. Riƙe 'yan takardun fam na Sudan, domin Bankak, manhajar biyan kuɗi ta waya, sai da intanet, ita kuwa takan ɗauke.

A Jidda tsari ya fi tsauri, kuma ya fi sauri da zarar an fara sauke mutane: bas daga gindin jirgi zuwa zaure, hoton yatsu, sannan kwastan. Goro da tiramadol a bar su a gida, haka ma saƙon da aka ba ka a ƙulle ba ka ga cikinsa ba, ko na wane ne. Agogon Saudiyya yana gaban na Sudan da awa ɗaya, a gaya wa mai zuwa tarba. Wanda ba shi da kowa, Hausawan Jidda ba sa barin baƙo a titi. Sallama da Hausa ta isa a nuna maka masauki da inda ake tuwo.

Masu Umara kuma, malaman fiƙihu da dama sun ce wanda ya taso daga Sawakin a Jidda yake ɗaura harami, domin yana isa can kafin ya yi daidai da miƙatin Yalamlam ko na Juhfa. Saboda haka haramin ya kwana a ƙaramar jaka, kada ya bi manyan kaya. Daga Jidda zuwa Makka kusan kilomita 80 ne.

Ga mai kaya da yawa ko iyali babba, wannan hanya ta biya kuɗinta. Mai ganin likita ko mai bizar da ta kusa ƙarewa ya hau jirgin sama daga Bur Sudan.