Tiyatar cutar noma a Sakkwato: inda aikin ke da ƙarfi da inda yake samun cikas

Noma cuta ce mai cinye naman baki da fuska. Asibitin cutar noma na Sakkwato ya fara aiki a 1999, kuma tun 2014 ƙungiyar likitocin agaji ta ƙasa da ƙasa, MSF, ke tallafa masa. Magani da tiyata kyauta ne. Lokaci-lokaci a cikin shekara likitocin gyaran fuska da masu sa barci sukan zo daga ƙasashen waje, su yi kamar mako biyu suna aiki tare da likitocin gida.

Babban abin yabo a tsarin shi ne ba a gaggawar kai yaro ɗakin tiyata. Cutar ta fi kama 'yan shekara 2 zuwa 6 waɗanda tamowa, ƙyanda ko zazzaɓin cizon sauro suka raunana. Daga dasashi take farawa: jini, warin baki, dalalar miyau, sai kunci ya kumbura, cikin 'yan kwanaki nama ya mutu ya ɓurme. A wannan mataki ba wuƙa ake buƙata ba. Ana ba da magungunan kashe ƙwayoyin cuta, amoxicillin da metronidazole, a riƙa wanke bakin, a cire mataccen nama, a ɗora yaron kan abinci mai gina jiki. Idan ba a yi haka ba, kusan 9 cikin 10 mutuwa suke yi. Gyaran fuska kuwa sai ciwon ya lafa, tabo ya zauna, yaron ya yi ƙwari, abin da kan ɗauki watanni masu yawa. Iyaye kan ga kamar an ja musu rai, amma ɗinki a jikin mai tamowa warwarewa yake yi.

Wurin da ƙwarewar baƙin likitocin ke fitowa shi ne ƙagewar muƙamuƙi. Tabo kan ɗaure bakin har cokali ba ya shiga, wani lokaci ma ƙashi ya haɗe da ƙashi. Mai irin wannan baki ba a iya zura masa bututun numfashi yadda aka saba, sai ta hanci, da siririyar na'urar leƙe mai haske. Daga nan a yanke tabon, a buɗe bakin, a rufe ramin da fatar da aka ɗauko daga ƙirji, goshi ko ƙarƙashin haɓa. Idan ta ƙirji ce, ana barin gindinta a manne kusan mako 3 har ta kama jini a sabon wurin, sannan a raba. Shi ya sa aikin ba ya ƙarewa a shiga ɗaya, wasu sai sun koma sau biyu ko uku.

Cikas ɗin yana bayan sallama. Bakin da aka buɗe yana sake ƙagewa muddin aka daina motsa shi. Ana koya wa uwa ta jera 'yan itatuwan nan na danne harshe tsakanin haƙoran yaron, sau da yawa a rana, tana ƙara ɗaya idan bakin ya saki. Akwai zafi, yaro na kuka, uwa na tausayi, ga aikin gona, ga kuɗin motar komawa asibiti daga ƙauye mai nisa. A haka aikin awowi yake lalacewa cikin watanni. Zuwan mako biyu ba ya maganin wannan, ma'aikatan da ke zaune a asibitin da masu bin marasa lafiya har gida ne ke riƙe da shi, kuma a nan ya kamata a ƙara hannu da kuɗi.

A Disamban 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa noma cikin jerin cututtukan da aka yi sakaci da su, bayan buƙatar da Najeriya ta jagoranta. Duk wanda ya ga yaro da dasashi mai jini, baki na wari, kunci ya fara kumbura, ya kai shi asibiti mafi kusa a ranar, kada ya jira zuwan baƙin likitoci.