Husufin zobe a Legas da Accra, ko cikakken husufi a Makka: wanne ya cancanci tafiya a 2027?

Wani ɗan uwa a cikinmu ya tambaya, ya ji an ce za a yi husufin rana sau biyu a 2027, ɗaya mai zobe ɗaya cikakke. Yana son sanin bambancinsu, da inda za a ga kowanne, da wanda ya kamata mutum ya kashe kuɗin mota ko na jirgi dominsa. Malam, ga yadda abin yake.

Na zobe zai auku ranar Asabar, 6 ga Fabrairu. Layinsa, wato jerin wuraren da za a ga zoben, zai faro daga tekun Fasifik, ya ratsa kudancin Chile da Ajantina, ya shafi gaɓar Uruguay, ya tsallake tekun Atilantika, sannan ya ƙare a gaɓar Afirka ta Yamma: Abidjan, Accra, Lome, Kwatano da Legas. Cikakken kuma ranar Litinin ne, 2 ga Agusta. Zai bi ta kudancin Sifen, Tanja a Maroko, Oran a Aljeriya, Sfax a Tunisiya, Bengazi a Libiya, Luksor a Masar, ya haye Bahar Maliya zuwa Jidda da Makka, ya gangara Yaman da Somaliya.

Abin da ya raba su nisan wata ne. Wata ba ya zagaya duniya a tazara ɗaya; wani lokaci yana kusan kilomita 363,000 daga gare mu, wani lokaci ya kai 405,000. A Fabrairu husufin zai zo kwana uku bayan wata ya kai ƙarshen nisansa, a daidai lokacin da duniya take kusa da rana, don haka ranar ta fi girma a ido. Sai ya zama kamar an ɗora ƙaramin murfi a bakin babbar tukunya: tsakiya a rufe, gefe duk a buɗe. Watan zai rufe kimanin kashi 93 cikin 100 na faɗin rana, ragowar ita ce zoben. A Agusta lissafin ya juye, wata na dab da mu, rana ta yi nisa, sai ya rufe ta ruf har da rara.

Wannan ragowar ba ƙaramin abu ba ce. A husufin zobe gari ba ya yin duhu, haske ne kawai yake dusashewa, inuwa ta yi kaifi. A cikakke kuwa duhu ke saukowa da rana tsaka, taurari masu haske su bayyana, iska ta yi sanyi, a ga farin hasken da ke kewaye da rana wanda ba a ganinsa sai a wannan lokaci. Mutanen Gusau da Katsina da suka ga na 29 ga Maris 2006 sun san abin da muke nufi. Wanda ya je Legas yana tsammanin irin wannan zai dawo da takaici.

Wajen tsawon lokaci, a takarda na zobe ne ya fi: minti 7 da daƙiƙa 51, amma can tsakiyar teku, inda babu mai gani sai na cikin jirgin ruwa. Cikakken zai kai minti 6 da daƙiƙa 23 kusa da Luksor, a Makka kuma ya ɗan haura minti 5.

Inda matsalar take ita ce tsayin rana a sama. Mu ne wutsiyar layin Fabrairu. Zoben zai haɗu kafin ƙarfe 6 na yamma kaɗan agogon Ghana, wato dab da ƙarfe 7 agogon Najeriya. A Accra rana na da sauran 'yan mintoci kafin ta faɗi, a Legas kuwa tana bakin nutsewa. Bene ɗaya ko layin bishiyoyi ya isa ya tare ka. Ga shi lokacin hunturu ne, ƙura takan sauka har bakin teku, kuma a irin wannan hazo rana takan ɓace tun kafin ta kai ƙasa. Saboda haka gwamma Abidjan ko Accra a kan Legas, don duk wanda ya fi matsawa yamma ranarsa ta fi tsayi. A nemi rufin bene ko fili da babu abin da ya tare yamma, a ɗan karkata kudu, kuma a je wurin kwana ɗaya kafin ranar a ga daidai inda take faɗuwa. A Kano, Sakkwato, Maraɗi da Yamai ba za a ga zobe ba, rana za ta faɗi da wani ɓangarenta a rufe.

Na Agusta ba shi da wannan damuwa. A Makka zai zo bayan ƙarfe 1 na rana, tana tsakar ka, kuma gajimare ba ya yawa a wannan yanki a lokacin. Abin tsoro zafi ne, wanda yake wuce digiri 40. A lura, Madina ba ta cikin layin, wanda ya shirya Umra ya tabbata ranar ta same shi a Makka ko Jidda. A ƙasar Hausa wani ɓangare kawai za a gani da hantsi, in hadarin damina ya bari.

Batun ido shi ne wanda ba ma son a yi wasa da shi. A husufin zobe babu daƙiƙa ɗaya da ya halatta a kalla da ido tsirara, ko da rana ta yi ja tana shirin faɗuwa. Bangon ido na ciki ba ya jin zafi, sai bayan sa'o'i mutum ya fara ganin tabo a tsakiyar duk abin da ya duba. A cikakke ana iya cire tabarau a mintocin duhun kaɗai, a mayar da zarar ɗigon haske ya ɓullo. Tabaraun husufi ya kasance mai lambar ISO 12312-2. A ɗaga shi a gaban fitila, in an ga huda ko ƙarzuwa a jefar. Gilashin masu walda yana yi in lamba 14 ne, amma yawancin waɗanda ake aiki da su ba su kai nan ba. Baƙin tabarau na kwalliya, gilashin da aka shafa wa hayaƙi, tsohon hoton ƙashi na asibiti, da kallo a cikin kwanon ruwa, duk ba sa karewa. Kada kuma a saka tabarau a leƙa ta madubin hangen nesa, zai tattara hasken ya ƙona takardar tabaraun ya isa ido. Ga yara, a huda kwali da allura, su ba rana baya, su kalli hotonta a jikin farar takarda ko bango.

Shawararmu, Malam: in kana Accra, Kwatano ko Legas, ko kana da wata hidima a can a makon, ka fita ka gwada sa'arka, musamman da zai zo a ƙarshen Sha'aban, kwana ɗaya ko biyu kafin azumi. Amma ɗaukar hanya takanas daga Arewa saboda shi caca ce da hazo. In akwai hali, a tara kuɗin zuwa Agusta. Wanda babu hali kuma, ranar 20 ga Maris 2034 cikakken husufi zai ratsa Najeriya da safe, daga Legas ya nufi Kamaru da Chadi.