Sharhi kan kayan wasan kikbol da na saya wa yaran unguwarmu a Bronx

Wata uku ke nan da na sayi kayan wasan kikbol ta intanet, kuma a tsawon wannan lokaci mun fita da su sau tara ko goma zuwa wani filin ciyawa da ke kusa da gidanmu a Bronx, cikin birnin New York. Ɗiyata ta fari ce, mai shekara 10, ta matsa mini lamba har na saya, domin a makaranta ta koyi wasan a darasin motsa jiki, kuma tana son a buga shi a taron cin abincin da iyalanmu na Najeriya da Nijar da Gana suka saba yi bayan Babbar Sallah. Hujjar da ta kawo ita ce ta ja hankalina. Ta ce, "Baba, in aka sa ƙwallon ƙafa, manyan yara maza ne kaɗai suke taɓa ƙwallon, mu kuwa sai kallo, amma a kikbol kowa yana da layinsa na bugu." Da na ga wasan da idona, na tabbatar gaskiya ta faɗa.

Dala 35 na biya, aka aiko mini da kwali ɗauke da jar ƙwallon roba mai faɗin inci 10, wato kimanin santimita 25, da faifan roba huɗu masu laushi da ake shimfiɗawa a ƙasa, da wani siririn faifai na mai gangaro ƙwallo, da ɗan famfon hannu da allurarsa, da jakar raga, sai kuma takarda guda ɗaya tak mai ɗauke da dokoki. A taƙaice hukuncina shi ne, ƙwallon ta ci kuɗinta, faifan ba yabo ba fallasa, takardar dokokin kuwa ita ce ta kusa ɓata mana taro.

Ga wanda bai taɓa ganin wasan ba, kikbol besbol ne, wato wasan nan na Amurkawa da ake dukan ƙaramar ƙwallo da sanda, amma an cire masa sanda da safar hannu. Ana ajiye faifan huɗu a kusurwoyin fili mai siffar murabba'i, ɗaya shi ne gida, sauran ukun kuma mu muna kiransu zango na farko da na biyu da na uku. Ƙungiya ɗaya tana bazuwa cikin fili don tsaro, ɗayar kuma tana jeruwa a bayan gida don bugu. Mai gangarowa yana tsayawa a tsakiyar filin ya mirgino ƙwallon da hannu zuwa gida, mai bugu ya sa ƙafa ya doke ta, sannan ya sheƙa zuwa zango na farko. Duk wanda ya kewaya zangunan uku ya dawo gida ba a kashe shi ba, ya ci wa ƙungiyarsa maki ɗaya. Ana kashe ɗan wasa idan aka cafe ƙwallonsa a sama kafin ta taɓa ƙasa, ko ƙwallon ta riga shi isa zangon da ya zame masa dole ya je, ko kuma aka taɓa shi ko aka jefe shi da ita yana tsakanin zango da zango. Da an kashe mutum uku sai ƙungiyoyin su yi musanyar wuri, kuma idan kowacce ta yi bugu ta yi tsaro, an kammala turmi ɗaya ke nan, kamar yadda wani dattijo mai son dambe a cikinmu ya raɗa masa suna, sunan kuma ya bi shi. Galibi turmi biyar ake yi, wasu kuma suna kaiwa bakwai.

Iyakar abin da takardar ta bayyana ke nan, tare da ɗan zanen fili da aka rubuta ƙafa 60 tsakanin kowane zango da na gabansa. Wannan awon daidai ne, domin shi ne na manya, kimanin mita 18, ya kuma gaza na besbol ɗin ƙwararru da yake ƙafa 90. Matsalar ita ce ba a sa igiyar awo a cikin kwalin ba, ba a kuma faɗi yadda mutum zai fitar da kusurwoyi madaidaita a kan ciyawar da ba ta da layi ko ɗaya ba. A ranar farko da taku na auna, filin ya fito a karkace, zango na uku ya fi na farko kusa da gida da abin da ya kai taku uku, har yaran suka lura kafin ni. Dabarar da na koya daga baya mai sauƙi ce. Tsakanin gida da zango na biyu, idan aka ratsa ta tsakiya, ƙafa 84 ne da inci 10 da ɗan ɗoriya, saboda haka sai a fara ajiye waɗannan biyun da tef ɗin awo. Daga nan a samo igiya mai tsawon ƙafa 120, a ƙulla ta a tsakiya, mutum ɗaya ya riƙe bakinta a gida, wani ya riƙe ɗayan bakin a zango na biyu, na uku kuma ya ja ƙullin zuwa dama har igiyar ta miƙe sosai. Inda ƙullin ya tsaya nan ne zango na farko, idan kuma aka ja shi zuwa hagu an sami na uku. Faifan mai gangarowa yana zama a tsakiyar filin cif, ƙafa 42 da inci 5 daga gida. Igiyar shanya na yi amfani da ita, kuma yanzu minti biyar ya ishe mu shimfiɗa fili. Ga yara 'yan ƙasa da shekara 8, na ga ya fi dacewa a rage tazarar zuwa ƙafa 40 ko 45, domin in ba haka ba ƙwallon tana rigansu isa zango kullum, su kuma karaya.

Ƙwallon kanta ba ni da abin da zan ce a kanta sai yabo, amma sai da na kusa hallaka ta da hannuna. Ni da ƙwallon ƙafa na tashi, kuma a wurinmu ƙwallon da ba ta yi tauri ba ai ba ta sha iska ba ce. Haka na yi ta dura mata iska har ta yi ƙyam, na danna da babban yatsa na ji ba ta lotsa ba, na ce madalla. Bugun farko da wani matashi ya yi, ta tsallake kowa ta faɗa can kusa da masu gasa nama, wata yarinya kuma da ta yi ƙoƙarin cafe ta a ƙirji sai ƙwallon ta yi tsalle ta bar ta da zafin hannu da hawaye. Da yamma ta yi na lura ƙwallon ta fara kumbura ta gefe ɗaya kamar ƙwai. Sai da na duba kusa da bakin allura na ga an rubuta ma'aunin iskar da ƙananan baƙaƙe: fam 1.5 a kan kowane inci murabba'i, alhali dokar ƙwallon ƙafa daga fam 8.5 take farawa. Na sace mata iska a daren, Allah ya taimaka ta koma siffarta. Laifina ne, na yarda, amma kamfanin ma yana da nasa kason, domin famfon da ya sa ba shi da ma'auni, kuma takardar ba ta ce uffan ba game da iska. Ƙwallon kikbol da ta sha iska daidai tana lotsawa idan aka matse ta da hannu biyu, wannan laushin kuwa shi ne yake sa a iya rungume ta a cafe, a kuma jefi mai gudu da ita ba tare da an ji masa ciwo ba.

Faifan suna zama lafiya a kan busasshiyar ciyawa, amma da safe in akwai raɓa, ko bayan ruwan sama, santsi suke yi, kuma sau biyu na ga yaro ya taka zango na farko da gudu faifan ya tafi da shi. Launinsu na ruwan lemo yana taimakawa wajen ganinsu daga nesa. Da kamfanin ya ƙara faifai ɗaya da ya kyauta, saboda a wasan manya ana ajiye ƙarin zango a gefen na farko, ta wajen layi, mai gudu ya taka wannan, mai tsaro ya taka wancan, don kada su yi karo. Mu da wani tsohon kafet ɗin mota muka cike wannan gurbi.

Inda takardar ta fi ba ni kunya shi ne a wajen dokokin da ke raba gardama. A turmi na biyu na ranar taron Sallah, wani yaro ya jefi mai gudu ƙwallon ta same shi a kai, ƙungiyar tsaro ta ɗau sowa wai ya mutu, mahaifiyar yaron kuma ta taso daga kan tabarma. Na buɗe takardar ban ga komai ba. Ɗiyata ce ta ce malaminsu ya hana jifan kai, wani ɗan'uwanmu kuma ya ce mata, "Ke yarinya, a ina aka rubuta?" Sai da wani Alhaji da muke girmamawa ya ce a mayar da yaron zangonsa a ci gaba, sannan ƙura ta lafa. Da na dawo gida na nemo dokokin ƙungiyar WAKA, wadda aka kafa a birnin Washington a 1998 don shirya wa manya gasar kikbol, na tarar yarinyar ce da gaskiya: wanda aka jefa a kai ko a wuya bai mutu ba, sai fa idan zamewa yake yi a ƙasa ko shi ne ya kai kansa ga ƙwallon da gangan.

A nan na ga sauran abubuwan da takardar ta tsallake, waɗanda kowannensu ya taɓa jawo mana musu. Mai gudu ba ya barin zangonsa sai an doki ƙwallon, babu satar taku kamar yadda ake yi a besbol. Idan aka cafe ƙwallo a sama, duk wanda ya riga ya bar zangonsa dole ya koma ya taka shi kafin ya ci gaba, in kuwa ƙwallon ta riga shi komawa ya mutu, kuma wannan ita ce dokar da ta fi wahalar shiga kan manyanmu, domin da sun ga ƙwallo ta tashi sama sai gudu kawai. Mai bugu ba ya wuce gida ya tari ƙwallon a gaba. Masu tsaro ba sa ƙetare layin da ya haɗa zango na farko da na uku sai an yi bugu. Ƙwallon da aka gangaro dole ta mirgina ko ta taɓa ƙasa aƙalla sau biyu kafin ta iso, kuma ta bi ta cikin tazarar ƙafa ɗaya daga gefen gida, ba ta kuma yi tsallen da ya wuce ƙafa ɗaya ba. Idan mai gangarowa ya ɓata sau huɗu, mai bugu ya tafi zango na farko kyauta, idan kuma mai bugu ya kuskure ƙwallo mai kyau sau uku, ya mutu. Adadin masu tsaro daga 8 ne zuwa 11, amma layin bugu yana ɗaukar kowa da kowa, abin da ya sa ranar da muka kai mutum 30 babu wanda ya zauna a benci. Duk wannan bai fi shafi ɗaya ba, kuma bayan takardar da suka aiko fari fat yake.

Ana danganta asalin wasan ga Nicholas Seuss, mai kula da filayen wasan yara na birnin Cincinnati a jihar Ohio, wajen shekarar 1917, kuma an daɗe ana amfani da shi wajen koya wa yara tsarin besbol ba tare da haɗarin sanda da ƙwallo mai tauri ba. Sanin wannan ya fahimtar da ni dalilin da ya sa gwanayen ƙwallon ƙafarmu suka fi kowa mutuwa da wuri. Su burinsu su ɗaga ƙwallo ta yi nisa, ita kuwa babba ce mai laushi, tana shawagi a iska har mai tsaro ya sami sarari ya rungume ta. 'Yan matan da suka koya a makaranta a ƙasa suke buga ta, ta wajen zango na uku, inda jifa zuwa zango na farko ya fi nisa, sai ka ga sun isa lafiya lau. Uwargida, wadda ba ta taɓa buga ƙwallo ba a rayuwarta, ta bi shawararsu ta ci maki biyu, ni kuwa an cafe ni sau uku a jere, kuma har yau ba a daina tuna mini ba.

Da za a ce in ba da maki, uku cikin biyar zan ba waɗannan kaya. Wanda zai saya ya haɗa da tef ɗin awo da igiya da ma'aunin iska mai nuna ƙananan lambobi, domin irin na tayar mota ba ya motsi a fam 1.5, sannan ya buga cikakkun dokoki a takarda, a karanta su a gaban kowa kafin bugun farko. Idan yaran ƙanana ne sosai, akwai ƙwallo mai inci 8.5 da ta fi dacewa da hannunsu. Jakar ragar ta yage a mako na huɗu, yanzu a cikin tsohon buhun shinkafa nake zuba kayan, tare da igiyar shanyar da kafet ɗin motar.