Lafiyar kyanwa: a bar wa likita komai, ko a yi shawara da shi?

Hausawa masu kiwon kyanwa a Jidda da Makka suna yawan yin wannan tambaya. Bar wa likitan dabbobi komai ya fi sauƙi, sai dai riyal kan tafi kan gwajin da mai kyanwa bai san amfaninsa ba. Shawara kuwa tana cin lokaci, domin sai mutum ya lura da cin abincinta da yawan fitsarinta, ya adana katin rigakafinta, ya tambayi dalilin kowane magani. Haɗarinta shi ne guntun sani ya sa a ba ta Panadol, alhali ƙwaya ɗaya na iya kashe kyanwa.

Sabon mai kiwo, ko wanda ciwon gaggawa ya kama kyanwarsa, gara ya bi likita. Mai tsohuwar kyanwa da ke fama da ciwon ƙoda kuwa, shawara ta fi dacewa da shi.