Maganin ƙarin jini ya taurara wa dattijo bayan gida: me za a saya?

Likita ya rubuta wa Baba ko Inna maganin ƙarin jini, kwana uku sai bayan gida ya yi tauri, ciki ya kumbura. Yawancinmu sai mu ruga kemis mu ce a ba mu maganin wankin ciki. Kafin a kai ga haka, a juya kwalin maganin jinin a karanta.

Ferrous sulfate mai miligiram 200, wanda aka fi bayarwa saboda arha, yana ɗauke da kusan miligiram 65 na sinadarin ayon, wato sinadarin ƙarfe mai ƙara jini. Ferrous fumarate ma kusan haka ne. Shi kuwa ferrous gluconate mai miligiram 300, kusan 35 ke cikinsa, shi ya sa ya fi sauƙi a ciki. Kaɗan hanji ke tsotsa daga kowace ƙwaya, ragowar ce ke wucewa ta dagula ciki ta mayar da bayan gida baƙi. Mai shan uku a rana ya fi mai shan ɗaya shan wahala, ƙarin amfanin kuwa bai taka kara ya karya ba. Likitoci da dama yanzu ƙwaya ɗaya suke rubutawa a rana, ko a sha yau a tsallake gobe. A koma wurin wanda ya rubuta a nemi ya duba wannan, kada a daina sha a gida.

In har sai an sayi mai sassauta ciki, ni macrogol, irin su Movicol, na fi yarda da shi ga tsoho. Gari ne da ake damawa a ruwa, yana riƙe ruwa a hanji bayan gida ya yi laushi ba tare da murɗa mai tsanani ba. Sai dai da tsada, kuma ba kowane kemis ke da shi ba. Lactulose ya fi samuwa, ruwa ne mai zaƙi, yakan kai kwana biyu kafin ya fara aiki, kuma yana tara iska. Kada a ƙara masa yawa tun daren farko don an ga shiru.

Senna, wato filasko, da bisacodyl suna tunzura hanji ne. A sha da dare, a fita da safe. Na 'yan kwanaki ne, suna murɗa ciki. Jiƙon filasko na gida ba a san awonsa ba, gudawa ɗaya kuwa tana iya kwantar da tsoho.

Biyu zan ce a bari a kan kantar kemis. Liquid paraffin, in ya sarƙe tsoho, yana iya shiga huhu. Milk of magnesia kuma yana hana jiki tsotsar ayon, ga haɗari ga mai ciwon ƙoda. Garin ispaghula, irin Fybogel, sai mai shan ruwa sosai, tsofaffinmu kuwa da yawa sai an bi su da kofi.

Miyar kuɓewa, zogale, gwanda, kunun tsamiya da ɗan tattaki a tsakar gida suna taimakawa. A raba ƙwayar maganin jinin da shayi da madara da kamar awa biyu.

Baƙin bayan gida daga maganin ne, ba abin tsoro ba. Amma in ya zama mai yauƙi kamar kwalta da wari mai tsanani, ko aka ga jini, ko amai, ko tusa ta daina fita, a bar kemis a tafi asibiti a ranar.