A nan har matuƙin jirgi ana zazzage masa jaka

Jama'ar gida, masu tambayata wane aiki nake yi a filin jirgi a Ingila, sharar jirgi ce. Da fasinja sun sauka sai mu shiga mu kwashe tarkace, mu goge tebura, mu jera bel ɗin kujeru. Ana biya kan lokaci, ba sai ka bi ƙafar kowa ba. Amma ba wannan ya sa na ɗauki waya yau ba.

Ƙofa ɗaya muke bi, mai shara da mai lodin kaya da ma'aikatan cikin jirgi. Ranar nan da asuba wani kyaftin ne a gabana, dattijo mai furfura, igiya huɗu a kafaɗa. Ya kwance bel, ya cire agogo, ya ajiye hula a tire. Na'ura ta ware jakarsa gefe. Yarinyar da ke bincike, wadda a haife ya haife ta, ta zuge jakar ta ciro robar miya da ya taho da ita daga gida, ta ce ta wuce mililita 100, ta jefa a kwandon shara. Kunnuwan bawan Allah suka yi ja. Bai ɗaga murya ba. Ya ce mata nan da awa guda zai tashi da jirgi cike da mutane da mai, ga gatarin gaggawa a ɗakin tuƙi inda hannunsa ke kaiwa, in da mugun nufi a ransa me zai yi da miya? Ta ce doka ce. Ya ɗaura bel ɗinsa ya wuce.

Ni kunyar ma ni ta kama, kamar ni aka yi wa. Ni da tuni na haƙura da zuwa da kunun gyaɗa, yajin da Inna ta aiko mini kuwa sai da suka goga masa ƙyalle suka saka a na'ura kafin su yarda ba hodar bam ba ce.

Kowace doka a ƙofar nan da wanda ya jawo ta. Cire takalmi ya samo asali ne daga Richard Reid, da ya ɓoye bam a takalminsa a 2001. Ta ruwa ta zo a 2006, bayan an kama masu shirin tarwatsa jiragen da ke tashi daga Heathrow da sinadari a kwalaben lemo. Na'urar da ke leƙa jikin mutum ta bazu bayan abin da Umar Faruk Abdulmutallab ya yi yunƙurin yi a jirgin Detroit a 2009, wannan kuwa duk mai koren fasfo ya ɗanɗani kuɗarsa.

Abin da ke ƙona wa matuƙa da masu hidimar jirgi rai, kullum a motar da ke kai mu bakin jirgi shi suke maimaitawa: mu da aka binciki tarihinmu kafin a ba mu katin shiga, mu ake lalubewa kowace safiya, shingen kuma fa? A 2015 mutum 13 suka yanke wayar Heathrow suka kwanta a titin jirgi. A 2017 wasu 15 suka huda ta filin jirgin Stansted suka ɗaure kansu jikin jirgin da zai mayar da baƙin haure Najeriya da Ghana. A 2024 mata biyu suka sake yanke ta Stansted ɗin da injin yankan ƙarfe, suka fesa wa jiragen masu kuɗi fenti. A Amurka kamfanin labarai na AP ya ƙirga sau 268 da aka keta shinge a manyan filayen jirgi 31 cikin kimanin shekara goma. An bar jaki ana dukan taiki, kuma gaskiyarsu ce.

Duk da haka, da na ba Kawu labari a waya sai ya ce, "Kai yaro, direban jirgin da kansa? Kuma bai sa an kore ta ba?" Na ce, "Allah ya ƙara maka lafiya, Kawu, ko sunanta bai tambaya ba." Nan ne suka burge ni. Ba na son dokar miyar, amma ina son yadda ba ta san babba ba. A wajenmu motocin mai girma har gindin jirgi, da 'yan rakiya da masu riƙe jaka, ba wanda ya isa ya ce a buɗe. Talaka kuma a zuge masa jaka ana murmushi, "Alhaji, ba ɗan na goro?" Wanda ke neman na goro ba jakar yake dubawa ba.

Shingenmu kuma kun fi ni sani. A 2005 jirgin Air France ya afka cikin garken shanu a titin saukar Fatakwal. A 2013 yaro ya shige ramin tayar jirgin Arik daga birnin Benin na jihar Edo, yana zaton Amurka za shi, ya tsinci kansa a Legas. A 2018 shanu suka hana jirgi sauka a Akure sai da aka kore su. A watan Maris na 2022 'yan bindiga suka kai hari filin jirgin Kaduna suka kashe mai gadi, kwana biyu kafin harin jirgin ƙasa. Kada mu ɗora wa hukuma duka. Mu ne in waya ta tare mana hanyar gona muke ɗaga ta mu wuce, gobe mai babur ya faɗaɗa, jibi a sami guntunta wurin 'yan gwangwan.

Da na ga hotunan tashin jirgin farko na alhazan Najeriya na 2024 daga filin Sir Ahmadu Bello na Ambursa a jihar Kebbi, wallahi gida ya faɗo mini a rai: 'yan rakiya cike da bakin hanya, masu tallar ƙosai da ruwan leda, tsofaffi ana ta yafiya da juna. A nan ba mai raka ka, kowa da akwatinsa da fuskarsa a ɗaure.

'Yan uwanmu na Zamfara, filin Gusau da gwamnatin Dauda Lawal ta soma ginawa a 2024, a jihar da daji ke hannun wasu, ku tambayi shinge kafin ku tambayi ɗakin manyan baƙi. Mutanen Kebbi kuma, duk wanda ya bi hanyar Argungu da dare ya dubo mini ko akwai fitila a jikin wayar Ambursa, da ko motar sintiri na zagaya ta.