Dattijon da ya tada mani tsohon keken ɗinki Singer a gida, ga yadda aikinshi yake

Duk wadda ke da tsohon keken ɗinki jibge a sito ko bayan ƙofa, irin baƙin nan mai zanen ruwan gwal, kuma tana tunanin kiran 'yan gwangwan su auna mata shi a kilo, dan Allah ta dakata tukun. Akwai wani dattijo mai gyaran keke a nan cikin Katsina, wajen babbar kasuwa ta ɓangaren masu saida zare da maɓalli, teloli da yawa sun sanshi, ni dai Baba nake ce mashi. Shi ya tada mani nawa kuma a gida akai aikin, rabi da hannunshi rabi da nawa. Zan faɗi abinda na gani mai kyau da wanda bai mani daɗi ba, dan kar wata taje da zaton da ba shi ba.

Keken na kakata ne ta wajen uwa, daga hannunta ya dawo wajen Mama, daga baya ya zo hannuna a rufe da tsohon zani. Wilin hannu baya motsi ko kaɗan, ƙafar duk tsatsa, gara ta cinye gefe guda na teburin. Kafin Baba wani yaro mai gyara ya taɓa dubawa, abinda yace kawai shine a fesa mashi sabon fenti a zuba kayan Butterfly a ciki, har ma ya sa shatil ɗin Butterfly, wato gidan da kwarkwaron zaren ƙasa ke zama, ya tafi ya barshi a ciki, keken bai ɗinka ko taku ɗaya ba.

Baba da maigidan ya ɗauko shi a zaure ya zauna aka fito mashi da kan keken. Bai taɓa sukudireba ba sai da ya goge wajen lambar da ke gindin keken ta hannun dama, yace ɗiyata rubuta wannan lambar ki ajiye, ita ce takardar haihuwarshi. Lambar ta fara da harafin E da wani harafin a gaba, yarona ya duba a intanet sai gashi an ƙera shi farkon shekarun 1950 a masana'antar Singer ta Kilbowie da ke Clydebank kusa da Gilasgo a Sikotlan. Duk Singer da kika ga K a lambar samfurinshi, irin su 15K da 99K da 201K, daga can ya fito, kuma masana'antar an rufe ta tun 1980, kenan wanda ya lalace ya tafi kenan ba'a sake yin wani. Baba bai san sunan garin ba, "ɗan Ingila" kawai yake cewa, amma yana ganin ɗan sandan da ake ɗagawa keke ya koma da baya da faifan lambobin tsawon ɗinki yace wannan 15K88 ne, ba irin wanda 'yan Chana suka kwaikwaya bane.

Nan ne fa na gane bambancin wanda ya san aiki. Butterfly da ya cika shagunan teloli ɗan Shanghai ne kuma kwaikwayon Singer 15 ne, shi yasa mutane ke ɗauka kayansu duk ɗaya ne, kuma gaskiya da yawa suna shiga, kwarkwaro ɗaya ne allura ɗaya ce. Amma shatil ba ɗaya ba. In kika riƙe shatil kina kallonshi akwai ɗan yatsa da ya fito a sama, na Butterfly da tsofaffin Singer 15 yana kallon wajen ƙarfe 1 na agogo, na 15K88 kuma wajen ƙarfe 11 yake kallo. Haka allura, a Butterfly gefen da ke shafe yana kallon dama ana zura zare daga hagu zuwa dama, a nawa kuma shafaffen gefen hagu yake kallo zare ya shiga daga dama zuwa hagu. Wanda bai san wannan ba zai wuni yana murɗa noti yana cewa keke ya mutu alhali lafiyarshi lau. Baba ya zare wancan shatil ɗin ya miƙo mani yace ki ba wata mai Butterfly, a nan bashi da aiki.

Maganar ƙamewar wili kuma ashe ba tsatsa bace ta riƙe shi sosai, mai ne. A da in man keke ya ƙare mata sukan ɗiga man gyaɗa ko baƙin mai na inji, shekara da shekaru sai ya bushe ya zama danƙo ya haɗu da ƙurar hunturu da burbushin zare ya like komai. Ya buɗe murfin gaba da na baya, ya kifa kan keken a kan tsohon buhu, ya nuna mani duk wata gaɓa da ƙarfe ke gogar ƙarfe da duk wani rami na zuba mai, yace aikinki ne wannan ba nawa ba. Kananzir zan riƙa ɗigawa da sirinji safe da yamma, in ɗan jijjiga wilin gaba da baya a hankali, kar in kuskura in sa ƙarfi ko in buga da wani abu, in da rana in fito dashi tsakar gida ya sha zafi dan danƙon ya saki. Ƙananan kayan da ya kwance, farantin allura da haƙora da fayafayan matse zare, ya zuba a gwangwanin madara da kananzir yace su jiƙu in goge da tsohon buroshin haƙori. Na tambaye shi WD-40, maganin tsatsan nan na fesawa da maigidan ke dashi a mota, yace zai iya sakin abu amma ba man keke bane, in an fesa dole a goge a bi da man keke na gaskiya, fari mai ruwa-ruwa, in ba haka ba an koma gidan jiya. Shi kanshi kananzir ɗin haka, wanki yake ba shafawa ba.

Wallahi ranar da wilin ya fara motsi sai da na kira Mama a waya. Da farko ɗan kaɗan yake yi ya tsaya, baƙin ruwa na ɗiga ta ƙasa, a hankali a hankali har ya zagaya gaba ɗaya. Wannan tsarin nashi na barin mai keke yai wankin da kanshi wasu zasu ce gudun aiki ne, ni ban ganshi haka ba, dan yanzu na san cikin kekena gaɓa gaɓa kuma bana buƙatar kiran kowa dan zuba mai ko cire zaren da ya sarƙe.

Inda muka ɗan ja dashi shine fenti. Ni ina son keken yai ƙyalli, gaban wajen da yadi ke bi zanen ya goge kuma akwai inda baƙin ya ɓare. Baba yace sam shi ba zai fesa ba, in ina so in kai wani wajen amma ba da hannunshi ba. Bayaninshi shine baƙin nan ba fentin gwangwani bane, gasa shi akai a jikin ƙarfen, sannan aka manna zanen gwal ɗin aka bi da wani siririn abu mai sheƙi a sama, kuma wannan na saman sifirit na narkar dashi. Kenan sanitiza, turare, tina, fetur, duk kar su kusanci jikin, ko ruwan omo yace a'a, in suka taɓa zanen sai gwal ɗin ya koma fari-fari kamar azurfa kuma baya dawowa. Man keke kawai za'a ɗiga a auduga a riƙa shafawa a hankali ana canja audugar. Na yi hakan ba da son raina ba da farko, sai gashi dattin shekaru na fitowa, furannin da ban ma san suna wajen ba suka bayyana a wuyan keken. Inda ya goge yana nan a goge, kuma yanzu na fi son shi haka dan hannun kakata ne ya goge wajen. A wannan kam gaskiyarshi.

Da ya dawo haɗawa na zauna ina kallo. Shatil mai ƙarfe 11 ya samo mani na hannu daga wani mataccen keke, yace sababbin da ake kawowa wasu basa zama daidai. Keken ya fara ɗinki amma yana tsallake, nan ma bai shiga kwance ƙasa ba, yace irin wannan keken tafiyar ƙugiyarshi, wadda ke kamo zaren allura a ƙasa, a kafe take tun daga masana'anta, abinda ke gocewa shine tsayin sandar allura. Ya sassauta noti ɗaya ya sauke ta ƙiris yadda bakin ƙugiyar zai wuce dab da saman kafar allura lokacin da allurar ta fara tasowa, shikenan tsallake ya ɗauke. Sannan ya koya mani abinda teloli da yawa ke juyawa, in kika ga zare ya cukurkuɗe a ƙarƙashin yadi to matsalar daga zaren sama take ba shatil ba, ko bai shiga tsakanin fayafayan ba ko an zura shi ƙafar danne yadi na ƙasa, dan sai an ɗaga ta fayafayan ke buɗewa. 'Yar siririyar wayar da ke rawa a gefen fayafayan ta karye, ya sa wata. Ya gwada da allura lamba 14 a atamfa, ya sa 16 a shadda ninki huɗu, ya ɗauko guntun jins ya sa 18 keken ya bi ta kai ko gezau. Ɗinkin sama da ƙasa iri ɗaya sak, layi a miƙe.

Ƙafar bata ba da wahala ba. Buroshin waya da sanfefa yaran gida suka sa suka kankare tsatsar, ita kam ya yarda a shafa mata baƙin fenti tunda babu zane a jiki, ya sa giris a gaɓoɓin ya ɗaure inda ke ƙara. Bel na fata ya sa, zagayayye, ya huda bakin biyu ya haɗa da 'yar waya, yace tsumman da ake murɗawa a ɗaura yana santsi yana cin ƙarfin ƙafa a banza.

To sai abubuwan da basu mani daɗi ba, kuma dole in faɗa. Baba bashi da cika alƙawarin lokaci. In yace Laraba ki sa ran Asabar, wayarshi kuma ko a kashe ko tana hannun jikanshi, sai dai a tura yaro shagon. Na san tsufa ne da yawan aiki amma mutum ya share zaure ya zauna jira har la'asar ba daɗi, da zai riƙa aikowa cewa ba zai samu zuwa ba da yafi. Na biyu yana da faɗa, in kika tambayi abu sau biyu zai amsa amma sai ya haɗa da "ba na gaya maki ba ɗiyata", wadda bata da haƙuri zata ji haushi. Na uku baya taɓa katako kwata-kwata, teburin sai da muka nemi kafinta daban, kuma kafintan bai saba da ramin da kan keke ke kwanciya ba sai da aka sake yanka, da Baba na da wanda yake turawa da an huta. Sannan baya faɗin kuɗin kaya tun farko, sai ya samo yake gaya maki, shatil ɗin nan ya fi na Butterfly tsada nesa ba kusa ba kuma ban san haka ba sai da ya kawo. Ba cuta bace dan na tambaya a kasuwa daga baya naji haka abin yake, amma gara ki ce mashi ya faɗa maki kafin ya saya. Masu keken lantarki na zamani mai roba da masu injin sirfani kar ku wahalar da kanku, baya karɓa, yace ba fanninshi bane.

Kuɗin hannunshi kuwa gaskiya da sauƙi, bai kai abinda nake biya a ɗinka ma yara kayan sallah ba, in aka haɗa da kaya da kafinta duka bai kama ƙafar kuɗin sabon Butterfly ba. Kuma na ɗinka a sabon Butterfly a gidan ƙanwata, ba raina shi nake ba yana aiki, amma nauyi da laushin tafiya da rashin ƙara ba'a haɗa su. Yanzu kayan makarantar yara da zannuwan gado da gyare-gyare duk a gida nake yi, ko da wuta ko babu.

In zaki neme shi ki fara rubuta lambar keken, ki duba ko shatil da farantin allura da murfin zamewa mai rufe wajen shatil suna nan dan sune suka fi ɓacewa kuma sune masu wuyar samu, in kan keken ya tsage a jikin ƙarfen ki gaya mashi tun farko dan yace wannan ne kawai baya gyaruwa yadda ya kamata. Ki tanadi kananzir kamar kwalba ɗaya da man keke da auduga. Kar ki bari sai azumi ya kama, daga tsakiyar Sha'aban teloli suke rufe shi da aiki har bayan sallah ba zaki ganshi ba. Sabon bel ɗin fata kuma yana miƙewa bayan an ɗan yi aiki dashi, nawa ya fara santsi, yace in cire wayar in yanke kamar faɗin yatsa in sake hudawa da ƙusa, kar in matse shi da yawa dan yana sa ƙafa tai nauyi.